Tsoffin Motocin Amurka Masu Ƙwanji da Na Zamani: Ina Man Yake Tafiya?

A shekarar 1970 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da wata mota mai suna Chevelle SS 454, wadda mafi ƙarfin samfurinta yake ɗauke da inji mai silinda takwas, girmansa lita 7.4, aka kuma rubuta masa ƙarfin doki 450. Motoci irinta, waɗanda Amurkawa suka laƙaba wa sunan da ke nufin masu ƙwanji, galibi ba sa wuce mil 10 zuwa 13 da galan guda na fetur, idan kuwa direban mai nauyin ƙafa ne, sai lissafin ya faɗo ƙasa da mil 10. Bayan shekara 54, hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, ta auna Ford Mustang GT ta 2024, mai inji lita 5 da ƙarfin doki 480, ta ba ta mil 15 a cikin gari da mil 24 a babbar hanya. Ke nan sabuwar ta fi tsohuwar ƙarfi, kuma a doguwar tafiya tana iya ninka nisan da tsohuwar za ta yi da mai daidai wa daida. Abin da mutane suka saba faɗa shi ne girman inji ne ke kwankwaɗar mai, amma wannan bayani bai isa ba, domin dukansu biyun manyan injina ne masu silinda takwas.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita ma'auni. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, wato ya ɗan gaza galan mai lita 4 da muka saba gani a hannun 'yan bumburutu, mil guda kuma kilomita 1.609 ne. Saboda haka motar da ke yin mil 12 a galan tana yin kilomita 5 da 'yar ɗoriya a lita guda, ko kuma tana shan kusan lita 20 a tafiyar kilomita 100. Mai yin mil 24 tana yin kilomita 10 a lita. Toyota Prius ta 2023, mai haɗa fetur da lantarki, wadda aka auna wa mil 57, tana yin kilomita 24.

Akasarin masu bin tarihin motoci suna ɗora farkon zamanin masu ƙwanji a kan Pontiac GTO ta 1964, lokacin da injiniyan kamfanin, John DeLorean, da abokan aikinsa suka ɗauki inji mai lita 6.4 da aka saba sanya wa manyan motoci suka cusa shi a cikin matsakaiciyar mota mai suna Tempest. An sayar da sama da 32,000 a shekarar farko, abin da ya ninka hasashen kamfanin sau da dama, daga nan kowa ya shiga gasar: Plymouth ta kawo Road Runner a 1968, Dodge ta kawo Charger da Challenger, Ford ta fitar da Boss 429. Masu saye matasa ne, abin da suke tambaya a wurin dila kuwa shi ne daƙiƙa nawa motar ke ɗauka ta cinye rubu'in mil daga tsaye. Galan ɗin fetur a 1970 wajen santi 36 ne. Sai dai bai kamata a ruɗu da wannan adadi ba, domin idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, santi 36 na wancan lokaci ya kusa dala 3 ta yau. Man bai yi arhar da ake zuzutawa ba. Abin da ya bambanta shi ne farashinsa ya daɗe a tsaye, ba a saba ganin layi a gidan mai ba, babu kuma wata doka da ta tilasta wa kamfani ya damu da abin da motarsa ke sha.

Akwai wani tarko a cikin kwatanta alƙaluman zamani biyun. A lokacin da masu ƙwanji ke tashe babu gwajin gwamnati na shan mai, sai a tsakiyar shekarun 1970 aka fara liƙa wa sabbin motoci takardar awo, don haka abin da ake da shi na wancan zamani ya fito ne daga mujallun motoci da kuma bakin masu motocin, su kuwa marubutan mujallu ba lallaɓa mota suke yi ba idan ta shigo hannunsu. Ita kanta EPA ta sauya lissafinta a 1985, ta sake sauyawa a 2008, duka biyun don rage adadin ya yi kusa da abin da direba ke gani a zahiri. Ƙarfin dokin ma haka yake. Kafin 1972 ana auna inji ne tsirara a kan benci, babu salansa irin ta mota, babu matatar iska, babu kayan da yake juyawa, bayan nan aka koma auna shi da kayansa duka. Injin Hemi 426 na Chrysler, wanda ya shahara da doki 425, a sabon ma'auni 350 ya tashi a 1971. Wannan yana nufin ratar ƙarfi tsakanin tsoffin da sabbin ta fi yadda takarda ke nunawa faɗi.

Babban wurin da man yake zurarewa shi ne kafireto. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen bakanike ya ga an cire murfin matatar iska an leƙa maƙogwaron kafireto ya san abin da ake nufi: da zarar an ja wayar totur da hannu, sai a ga fetur ya yi tsartuwa cikin ramin kamar daga bakin sirinji, ɗanyensa, tun kafin injin ya nemi ko ɗigo. An yi wannan famfo ne don kada mota ta shaƙe idan an taka ta ba zato, kuma duk takawa sai ya zuba, ko a cunkoson cikin gari ne. Fetur yana ƙonewa tsaf ne idan aka haɗa kashi guda nasa da kashi 14.7 na iska a ma'aunin nauyi. Kafireto ba ya auna wannan, kintace yake yi ta hanyar zuƙar da iska ke yi idan ta ratsa ƙuntataccen wuri, kuma kintacen yana sauyawa da sanyi da zafi da tsayin wuri daga teku. Tun da ƙarancin mai a cikin haɗin yana iya sa inji ya yi zafi har ya ƙona fistin, alhali yawansa ɓarna kawai yake jawowa, sai injiniyoyi suka riƙa karkata saitin wajen yawa. Da sanyin safiya kuma cok yana toshe iska ya ƙara mai har sai inji ya ɗumama. Sannan haɗin yana bin bututu masu tsawo daban-daban kafin ya isa silinda takwas, na kusa su sami fiye da ƙima, na nesa su sami ƙasa da ita, dole a saita don na nesan ya ƙoshi, sauran kuwa su yi ta amai da abin da ya yi musu yawa. Warin ɗanyen fetur da ke bin bayan tsohuwar mota, shi ne wannan rarar.

Ba a ce masu ƙera su ba su da dabara ba. Kafireton Rochester Quadrajet na General Motors yana da ƙananan maƙogwaro biyu na tafiyar yau da kullum da manya biyu da ba sa buɗewa sai an taka sosai, injin 440 na Chrysler mai kafireto uku kuma na tsakiyar kaɗai ke aiki idan ana tafiya a hankali. Mai haƙuri yana iya samun ɗan sauƙi. Matsalar ita ce ba a sayen irin wannan mota don a yi haƙuri.

Motar zamani ta maye gurbin kintace da awo. Akwai na'ura a bututun hayaƙi da ke shinshinar iskar da ta rage bayan ƙonewa, wadda kamfanin Bosch ya ƙera, Volvo ta fara sanyawa a 1976. Ita ce ke shaida wa kwamfutar mota ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kwamfutar kuma ta gyara abin da kowace injekta ke fesawa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Idan direba ya ɗage ƙafa a gangara, ana yanke man gaba ɗaya, abin da kafireto ba ya yi. Lokacin tartsatsin filogi, wanda a da kwantak da 'yan ƙarafa masu juyawa a cikin distiributa ke tsarawa, suna kuma lalacewa da tafiya, yanzu kwamfuta ce ke tsara shi, tana sauraron ƙwanƙwasar inji tana gyarawa.

Abu na biyu, wanda a ganina an fi raina shi alhali nauyinsa bai gaza na kafireto ba, shi ne giya. Masu ƙwanji suna zuwa ne da giya uku idan atomatik ce, irin su TorqueFlite ta Chrysler da Turbo Hydra-Matic ta General Motors, ko giya huɗu ta hannu, kuma a dukansu giyar ƙarshe juyi ɗaya ne na inji ya ba da juyi ɗaya na sandar da ke kai ƙarfi baya. Sannan masu son tashi da wuri suna zaɓen aksul ɗin baya mai rabon 3.55 ko 4.10, wato sai sandar ta juya sau huɗu da 'yan kai kafin taya ta juya sau ɗaya. A ɗauki mota mai 4.10 da taya mai tsayin inci 26 a ɗora ta a babbar hanya tana gudun mil 70 a sa'a, kimanin kilomita 113: injin zai riƙa juyi wajen 3,700 a minti, yana ruri tun daga fita gari har masauki, ba don hanyar tana buƙatar wannan ƙarfi ba, sai don babu wata giya da za a ƙara. Mustang ta yanzu mai giya goma, a wannan gudun, injinta bai kai juyi 2,000 ba. Kowane juyi biyu na inji, dukan silinda takwas sai sun zuƙi iska da mai, kowane juyi kuma gogayya ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe, saboda haka injin da ke juya ninkin ɗan'uwansa don yin aiki iri ɗaya dole ya biya kuɗin wannan juyi da mai. Ƙari a kan haka, tsoffin atomatik suna miƙa ƙarfi ta cikin ruwan giya ne kawai, kullum da ɗan santsi da ke komawa zafi, sai daga wajen 1978 aka fara yawaita sanya musu kulocin da ke kulle su idan tafiya ta miƙe.

Girman injin ma yana da nasa laifin, amma ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Mota mai tafiya a miƙe da gudun kilomita 100 ba ta buƙatar ko kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin doki 450. Don a hana babban inji ba da abin da ba a nema ba, totur yana kusan rufe, fistin takwas kuma suna ta kokawar zuƙo iska ta ƙaramar kafa, kamar mai ƙishi da aka ba shi kunu ta cikin siririn kara. Wannan kokawa ƙarfi take ci, ƙarfin kuma daga tanki yake fitowa. Tsarin buɗe bawul na injinan tsere ya ƙara dagula lamarin, domin an tsara shi don babban juyi, a ƙaramin juyi kuwa wani ɓangare na haɗin yana wucewa kai tsaye zuwa salansa bai ƙone ba, kuma wannan ne asalin gurnanin nan mai tangal-tangal da masoyan waɗannan motoci ke jin daɗin ji idan an tsaya. Injinan yanzu suna sauya lokacin buɗe bawul gwargwadon buƙata, wasu kuma suna kashe silinda huɗu idan aiki ya yi sauƙi. Cadillac ta gwada kashe silinda tun a 1981 abin ya ƙi, saboda kwamfutar lokacin ba ta da saurin da ake buƙata, sai da Chrysler da General Motors suka dawo da shi wajen 2005 ya zauna.

Sauran abubuwan ƙanana ne idan aka kwatanta, amma suna taruwa. Gaban motocin a miƙe yake kamar bango, ƙarƙashinsu a buɗe, turjiyar iska kuwa tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Masu ƙera su sun san maganin, shaida ita ce Dodge Charger Daytona ta 1969 mai tsinin hanci da dogon fiffike a baya, amma don gasar tseren motoci ta Amurka mai suna NASCAR aka yi ta. Tayoyinsu ma irin tsohon saƙi ne mai murɗewa da ɗaukar zafi, ba irin radiyal da Michelin ta ƙirƙiro tun 1946 ba, wadda ba ta mamaye Amurka ba sai a shekarun 1970.

An saba cewa takunkumin man fetur na 1973 ne ya kashe masu ƙwanji, amma ya tarar da su a kwance ne ya ƙarasa. Tun kafin nan kamfanonin inshora sun tsawwala wa matasa masu irin waɗannan motoci kuɗi, dokar tsaftace iska ta 1970 kuma ta sa aka nufi fetur marar dalma. Injin LS6 na waccan Chevelle yana matse haɗin mai da iska sau 11.25, abin da ba ya yiwuwa a lokacin sai da fetur mai dalma, don haka General Motors ta sassauta matsin injinanta a 1971, ƙarfi ya faɗi, shan mai kuma bai gyaru ba, tun da sassauta matsi rage amfanin kowane ɗigo yake yi. Sai ga yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka har zuwa Maris na 1974, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12. Wannan tashin farashin da ya cika baitulmalin Najeriya a zamanin Janar Gowon shi ne ya jera Amurkawa a layin gidajen mai. A Janairun 1974 aka ƙayyade gudu a mil 55 a duk ƙasar, a 1975 kuma aka kafa dokar da ta wajabta wa kowane kamfani matsakaicin motocinsa ya kai mil 18 a galan a 1978, ya haura zuwa 27.5 a 1985. GTO da Challenger da Barracuda ta Plymouth duk sun tsaya a 1974. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi muni, domin an ɗaura wa kafireto ɗawainiyar da ba zai iya ba: Corvette ta 1975 doki 165 kacal ta zo da shi daga inji mai lita 5.7, ba ƙarfi ba tsimi.

To ina rarar da fasaha ta samar ta tafi? Alƙaluman EPA sun nuna, a matsakaicin lissafi, sabuwar mota a Amurka tana yin mil 13.1 a galan a 1975, ta kai 22 a 1987, sannan ta koma baya zuwa 19.3 a 2004, kafin ta hau zuwa 26 a 2022. Tsakanin 1987 da 2004 injina ba su daina inganta ba, amma mai ya yi sauƙi, doka ta tsaya wuri ɗaya, sai kamfanoni suka zuba ci gaban a cikin ƙarfi da girma. Matsakaicin ƙarfin doki, wanda ya faɗi zuwa 102 a 1981, ya kai 259 a 2022, nauyi kuma ya tashi daga wajen kilo 1,450 zuwa kusan 1,950, har ya zarce na 1975. Masu zaton tsoffin motoci sun fi nauyi saboda ƙarfensu mai kauri ne sun yi kuskure. Challenger Hellcat ta 2015, mai doki 707, ta kai wajen tan biyu, ta fi kakarta ta 1970 nauyi, saboda jakunkunan iska da ƙarafan kariya da na'urar sanyaya ɗaki da manyan birki, amma duk da haka an auna mata mil 13 a gari da 22 a hanya. Wannan adadi na cikin gari abin lura ne: bai fi na kakannin da wani abin kirki ba, domin a tsaya-tashi nauyi ne ke mulki, doguwar giya kuma ba ta samun damar aiki. Idan kuma aka buɗe mata wuta duka, ta fi tsoffin shan mai nesa ba kusa ba, tun da doki 707 ba ya fitowa daga iska. Dokar ma ta ba da ƙofa, don harajin motoci masu zarin mai da aka kafa a 1978 bai shafi a-kori-kura da manyan jif ba, su ne kuwa kusan kashi biyu cikin uku na abin da Amurkawa ke saye yanzu.

Akwai kuma wani ruɗani a cikin lissafin mil a galan kansa. Mai tafiyar mil 10,000 a shekara da motar mil 12 zai sha galan 833, idan ya koma mai mil 18 zai sha 556, ya tsira da galan 277. Wanda ya bar motar mil 30 ya koma mai mil 50, duk da tazarar ta fi girma a ido, galan 133 kawai ya rage. Shi ya sa ƙasashen Turai suke lissafi da lita a kilomita 100, kuma shi ya sa ɗan gyaran da ake yi wa mota mai zari yake da tasiri fiye da yadda ake zato.

Masu riƙe da tsoffin motocin a yau sun gane haka, kuma abin da suke yi musu ya nuna inda cutar take. Dodge ta daina ƙera Challenger, Chevrolet ta daina Camaro, duka a ƙarshen 2023, amma Chevelle da GTO da Charger na da suna nan a garejin mutane, da yawansu kuma ana fita da su ne ranakun hutu kawai. Wanda yake son yin doguwar tafiya da tasa ba ya rage girman injin. Yana cire kafireto ya ɗaura injekta mai kwamfuta da aka ƙera da siffar kafireto don ta zauna a mazauninsa, ya sa tayoyin radiyal, sannan ya sauke tsohuwar giya uku ya sa mai huɗu irin 700R4 ta General Motors, wadda giyarta ta ƙarshe ke rage juyin inji da kashi 30 cikin ɗari. Motar nan mai aksul 4.10 da ke ruri a juyi 3,700 sai ta dawo wajen 2,600 a gudu ɗaya, da inji ɗaya, silinda takwas ɗin nan kuma babu wanda aka taɓa.